Rigimar Tauhidi a Zongon Kwatano: Gobara Daga Bauchi, Hayaƙi a Bakin Teku

A cikin azumin shekarar 2023, limamin masallacin Juma'a na Dutsen Tanshi da ke Bauchi, Dakta Idris Abdul'aziz, ya yi wata magana a zaman karatunsa wadda ta hana Arewa sakat. Abin da ya faɗa, a dunƙule, shi ne idan tsanani ya sami mutum ba a neman agajin Shehu Ibrahim Inyass, ba a neman na Shehu Abdulƙadir Jilani ko na Shehu Ahmadu Tijjani, kai har Manzon Allah (SAW) ba a neman taimakonsa. Allah kaɗai ake kira. Aka yanko wannan gaɓa daga cikin dogon karatu aka watsa ta a waya. 'Yan ɗarika suka ce wannan rashin ladabi ne ga fiyayyen halitta, wasu ma ɓatanci suka kira shi kai tsaye. Almajiransa da yawancin masu amsa sunan Ahlussunna suka ce ai tsantsar tauhidi ke nan, abin da aka aiko annabawa da shi. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, da suka ce ma'anar tana da madogara a littattafai amma lafazin ya yi kaushi.

Hukumar Shari'a ta jihar Bauchi ta sa ranar muƙabala, daga baya aka ɗage. A watan Mayu aka gurfanar da shi gaban kotu bayan ƙorafin ƙungiyar Fityanul Islam, ya yi kwanaki a gidan yari kafin a ba da belinsa. Magoya bayansa suka ce siyasa ce aka naɗa wa rawani, domin malamin bai ɓoye adawarsa da Gwamna Bala Mohammed ba a zaɓen da aka yi dab da shiga azumin. A farkon 2024 'yan sanda suka ce suna nemansa ruwa a jallo saboda rashin halartar kotu. Ya bar jihar na wani lokaci, ya dawo, Allah ya yi masa rasuwa a farkon Afrilun 2025.

Tsakanin Bauchi da Kwatano akwai tafiyar fiye da kilomita dubu, da iyakar ƙasa, da bambancin harshen hukuma. Amma maganar da malami ya yi da Hausa a Bauchi ko Kano ko Kaduna ba ta tsayawa a iyakar Seme a buga mata hatimi. Ranar da aka faɗe ta, ranar take isa wayar ɗan canji a Jonke da mai sayar da gwanjo a Misebo da mahauci a cikin Zongo. Abin da ya kamata a duba shi ne wannan: rigimar riga ce da aka ɗinka a jikin Arewacin Najeriya, inda Musulmi suke da rinjaye, da kotunan shari'a, da gwamnonin da ke neman ƙuri'ar malamai. Mutumin Zongo ya ɗauko ta ya sa a wani gari mai wani tsari dabam, shi ya sa inda take matse shi ba nan take matse ɗan'uwansa na Kano ba.

Abin da ake jayayya a kai

Babu Musulmin da ke musun cewa Allah ɗaya ne. Saɓanin yana kan iyakar da ta raba girmama bayin Allah na gari da bauta musu. Ga mutumin da ya ɗaga hannu ya ce ya Allah ka biya mini buƙatata albarkacin Annabi; wannan tawassuli ne. Ga kuma wanda mota ta ƙwace wa direbansu a hanyar Paraku ya ƙwala kira ya ce ya Shehu ka cece mu. Wannan istigasa ce. Malaman Salafiyya ba hukunci ɗaya suke ba su ba. Na farko yawancinsu bidi'a suke ce masa, ba su kai shi ga fita daga addini ba. Na biyu kuwa, muddin wanda ake kira ya mutu ko ba ya wurin, kuma abin da ake roƙo Allah kaɗai ke da iko da shi, to shirka babba ce a wurinsu. Suna kafa hujja da ayar Fatiha da ta keɓe bauta da neman taimako ga Allah, da ayar farkon Suratuz Zumar wadda ta ba da labarin mushrikan Makka suna cewa abubuwan bautarsu kusantar da su ga Allah kawai suke yi, da kuma wasiyyar da Annabi ya yi wa Abdullahi ɗan Abbas game da wanda ake roƙo, wadda duk ɗan Islamiyyar da ya haddace Arba'una Hadisi ya san ta.

Malaman ɗarika suna amsawa da cewa ai niyya ake dubawa. Mai kiran waliyyi ya san Allah ne mai yi, waliyyin sababi ne kawai, kuma babu wanda ke kafirta mara lafiyar da ya ce likita ka taimake ni. Nasu hujjojin su ne ayar wasila ta Suratul Ma'ida, da hadisin makahon da Annabi ya koya wa addu'a, da ceton ranar alƙiyama inda mutane za su bi annabawa ɗaya bayan ɗaya suna neman agaji, da roƙon ruwan da Sayyidina Umar ya yi ta hanyar Abbas. Wannan na ƙarshen abin lura ne, domin kowane ɓangare nasa yake ɗaukarsa. Ɗan ɗarika ya ce ga tawassuli nan a fili. Ɗan Izala ya ce in da ana yi da wanda ya rasu, me ya hana Umar zuwa kabarin Annabi, ga shi nan kusa a Madina, ya koma wurin baffan Annabin mai rai?

Wannan ja-in-ja ya girmi kowa. Ibn Taimiyya ya rubuta littafi sukutum a kan tawassuli da wasila, kuma fatawarsa game da yin tafiya takanas don ziyarar kaburbura ce ta kai shi kurkukun Dimashƙa inda ya rasu a 1328. Taƙiyuddin Subki, babban malamin Shafi'iyya na wancan zamani, ya mayar masa da martani a Shifa'us Siƙam. Shekara ɗari bakwai ke nan ana yi, kuma waɗanda suka fara sun fi duk mai riƙe da makirufo a yau zurfi a Larabci da hadisi. Wanda yake tsammanin zai kashe wannan bakin a faifan minti uku, to, bai san girman abin da ya tara ba.

Akwai wani dalilin da ya sa ɓangarorin biyu ba sa jin juna, kuma ba a cika faɗinsa ba: ba littafi ɗaya suka karanta ba. Wanda ya tashi a karatun zaure, tauhidinsa na Ummul Barahin ne na Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Siffofi ashirin, abin da ya wajaba ga Allah, abin da ya koru, abin da ya halatta. Tambayar da wannan karatu yake amsawa ita ce wane ne Allah. Wanda ya tashi a Islamiyyar zamani kuwa, Usulus Salasa da Kitabut Tauhid na Muhammad ɗan Abdulwahhab ya fara da su, aka raba masa tauhidi gida uku, rububiyya da uluhiyya da asma'u was sifat, aka ce masa na tsakiyan nan ne wurin gwaji, domin Abu Jahil ma ya yarda Allah ne ya halicce shi. Tambayarsa ita ce wa kake fuskantarwa da bautarka. In waɗannan biyu suka haɗu a rumfar mai shayi, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai san tauhidi ba, alhali kowannensu ya haddace nasa tsaf.

A ƙasar Hausa ma ba da Izala aka fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da wasu ɗaliban ilimin kalam suna kafirta talakawa don sun kasa kawo dalilan tauhidi irin na littafi, har suna hana cin yankansu. Ya yi ta rubutu a kansu. Ɗansa Muhammadu Bello ya ce rubuce-rubucen sun kai wajen hamsin. Shi ɗin dai Shehun, Baƙadire ne mai girmama waliyyai, kuma shi ne ya tsananta a kan masu salla suna yanka wa itatuwa da duwatsu. Shi ya sa kowane ɓangare yake da shafin da zai buɗe ya ce Shehu namu ne. Sabon zagayen ya taso ne a 1972, lokacin da Shehu Abubakar Gumi ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki Ƙadiriyya da Tijjaniyya, malaman Kano irin su Malam Sani Kafinga suka mayar da martani a rubuce. Rediyon Kaduna ya kai muryar Gumi da ta Shehu Ɗahiru Bauchi har inda littafi bai isa ba. A 1978 Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos, daga nan abin ya bar hannun malamai ya zama na kowa.

Zongo ba Kano ba ce

Hausawa sun san ƙasar da ake kira Benin a yau tun kafin a san da Kwatano. Ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta Nikki da Paraku da Jugu yake bi, kuma a duk inda suka yada zango sai an sami mai masauki da limami da mahauci. Kwatano kuwa Faransawa ne suka raya ta: su suka yi mata gadar saukar kaya a bakin teku, suka ja layin dogo da ya kai Paraku, sannan aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965. Tashar nan ita ce ta jawo Alhazan Maraɗi da Damagaram da Kano, har “motar Kwatano” ta shiga bakin kowa a Najeriya. Unguwar Zongo tana tsakiyar gari, kusa da tashar jirgin ƙasa da kasuwar Misebo, ba nisa da kasuwar Dantokpa, ga babban masallacinta da ake hangowa daga nesa. Mazaunanta ba Hausawa kaɗai ba ne: akwai Zabarmawa da Dandawa da Fulani da Yarabawa da mutanen Mali da Senegal. Hausa ce dai harshen ciniki da na wa'azi ga da yawansu.

A zango, aƙida ba ta taɓa rabuwa da kasuwa ba. Wani masani, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabon Ibadan ya buga a 1969, ya nuna yadda Hausawan can suka rungumi Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suka ware masallacin Juma'arsu daga na Yarabawa, kuma wannan warewa ta taimaka musu wajen riƙe cinikin shanu da goro. Dalilin a fili yake. Cinikin zango na amana ne da bashi. Mutum ya turo shanu ko albasa daga nesa, mai gida ya sauke shi, ya nemo mai saye, ya tsaya masa har kuɗi su fito, ba takarda ba lauya. Abin da ke hana cin amana shi ne sahu ɗaya ake tsayawa sau biyar a rana, da'irar wazifa ɗaya ake zama, kuma wanda ya yi abin kunya ba shi da inda zai ɓoye fuskarsa. Duk abin da ya raba sahu a zango, ya taɓa jari.

To me ya sa duk da haka rigimar ta sami shiga? Dalili na farko siyasar Benin ce kanta. Daga 1972 Mathieu Kérékou ya riƙe ƙasar, a 1974 ya ɗora ta kan aƙidar gurguzu, addinai suka kama kansu. Babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 da tsarin mulkin da aka zartar a Disambar shekarar suka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi. Coci-coci suka yi ta tsirowa, Musulmi ma haka. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa, irin hukumar Musulmin Afirka ta Kuwait wadda Dakta Abdurrahman Sumait ya assasa, suka gina masallatai da rijiyoyi da gidajen marayu. Ahmadiyya tana nata, 'yan Tabligi suna nasu. A da, wanda ya saɓa da limamin unguwa sai dai ya haƙura ya bi shi salla. Yanzu yana iya samun mai gina masa nasa masallacin.

Na biyu shi ne matasan da suka dawo daga karatu. Jami'ar Madina, Azhar, Libiya, Sudan, da jami'ar Musulunci ta Say a Nijar sun yaye 'yan Benin masu yawa. Sun dawo da digiri na Larabci cikin ƙasar da ba a ɗaukar ko masinja sai da Faransanci. Wani ɗan ƙasar mai bincike, Galilou Abdoulaye, ya bayyana su a matsayin masu ilimin zamani da aka rasa gurbin da za a sa su. Mutum ya yi shekara shida ko takwas yana karatu, ofis ya rufe masa ƙofa, limanci kuma gado ne na wasu gidaje. Abin da ya rage masa shi ne makaranta da mumbari, kuma abin da zai bambanta shi da tsohon limamin da ya tarar shi ne ya ce ni da aya da hadisi nake magana. Ba ina cewa ba don Allah suke yi ba. Da yawansu sun gaskata abin da suke faɗa har zuci. Amma wanda ya cire neman gurbi daga lissafin bai fahimci zafin muryar ba.

Na uku aljihu ne. Emmanuel Grégoire, wanda ya yi nazarin Alhazan Maraɗi, da wasu bayansa, sun lura cewa matasan 'yan kasuwa sun karkata ga Izala har da dalilin sauƙin da ta kawo: ba almubazzaranci a biki da suna, ba sadakar uku da bakwai da arba'in, ba durƙusa wa kowa. Ga yaron da ya gaji da zama ƙarƙashin mai gida, wa'azin da ke ce masa tsakaninka da Ubangijinka babu shamaki yana da daɗin ji ta fuska fiye da ɗaya. A 'yan shekarun nan kuma kasuwar Kwatano ta sha bugu biyu: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya toshe hanyar Malanbil zuwa Gaya. Idan kaya ba sa motsi, dillali da ɗan kamasho da yaron mota suna da dogon wuni, kuma a waya ake cinye shi.

Wayar ita ce dalili na huɗu, kuma ita ta canza yanayin abin gaba ɗaya. A da direbobi ke kawo kaset ɗin Gumi da Ɗahiru Bauchi, daga baya na Ja'afar Mahmud Adam. Kaset na da wata fa'ida: dole ka saurari karatun daga farko, ka ji ayar da aka ɗauko, ka ji sharaɗin da malam ya gindaya. Tashoshin tauraron ɗan Adam irin Sunnah TV da Manara ma dogon karatu suke sawa. WhatsApp da TikTok da Facebook kuwa gutsure suke so, kuma gutsuren da ya fi tafiya shi ne wanda ya fi zafi. Haka raddi ya zama sana'a mai zaman kanta. Malami ya yi magana, wani ya yi masa raddi, na uku ya yi raddin raddi, kowane da mabiyansa masu jiran a ce malam ya ragargaji wane. Ɗan Zongo yana karɓar duk wannan ba tare da mahallinsa ba. Bai san wace tsohuwar gaba ce tsakanin masallatan Bauchi ba, bai san wa ya goyi bayan wa a zaɓe ba. Jimlar kawai ta iso shi, sai ya juya ya dubi maƙwabcinsa da ita.

Abin da ta haifar

Zalunci ne a ce rigimar ba ta kawo alheri ba. Talaka ya koyi tambayar ina hujja, kuma malamin da a da ake sumbatar hannunsa ba tambaya yanzu sai ya buɗe littafi. Matan aure sun shiga makaranta, abin da Izala ta dage a kai tun farko har sauran suka biyo. 'Yan ɗarika su ma sun farka: sun buɗe makarantun zamani, sun koma wa hadisi don kare abin da suke yi, kuma matsin ya sa manyansu sun fito fili sun barranta daga 'yan haƙiƙa masu kai Shehu Ibrahim matsayin da bai ba kansa ba. Lokacin da aka kama Abdul Inyass kan kalaman da ya yi a wani maulidi a Kano a 2015, shugabannin Tijjaniyya ba su tsaya masa ba.

Kuma gargaɗin Ahlussunna yana da wurin zama a Kwatano fiye ma da Kano. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne na mutanen Benin, mabiya Bodun kashi 11.6, ban da ɗimbin masu zuwa coci ko masallaci da rana su leƙa wurin boka da dare. A watan Janairu akwai hutun ƙasa don addinin gargajiya. A Dantokpa akwai sashe guda na kayan tsafi, ƙoƙon kan dabbobi da busassun tsuntsaye jibge a fili. Ɗan kasuwar da kwantenarsa ta maƙale a tasha, ko matar da ke neman haihuwa, ba sai sun yi nisa ba kafin su sami mai ce musu kawo baƙin zakara. Malaman tsibbu ma suna nan da nasu. A irin wannan wuri, mai cewa a kiyayi shirka ba tatsuniya yake yi ba.

Sai dai a nan ne abin mamakin yake. Mutumin Zongo ya iya zama da maƙwabcinsa mai bautar Bodun lafiya lau. Suna gaisawa, suna ciniki, in dodannin Zangbeto ko Egungun sun fito ya kauce musu hanya ba tare da tsaki ba. Kalmar mushriki, da duk nauyinta, ajiye ta yake yi sai ya ga wanda ya shimfiɗa farin ƙyalle bayan la'asar ɗin Juma'a. Shi ma ɗan ɗarikar, maƙiyin Annabi ba ya ce wa wanda bai taɓa yin salati ba. Wanda ya ɗage wando ya tsayar da gemu yake ce wa. Kowa ya fi tsananta wa na kusa.

Waɗannan kalmomi kuwa ba zagi ba ne kawai, hukunci ne mai jela. In da gaske mutum mushriki ne, ba a bin sa salla, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure, ba a yi masa salla in ya mutu, ba ya gadon ubansa. Yawancin malaman Salafiyya masu zurfi suna tsayawa kafin nan: suna bambanta aiki da mai aikin, suna maganar uzurin jahilci da tsayar da hujja. Amma wannan bayanin ba ya shiga gutsuren bidiyo, kuma yaron da ya ji rabin magana shi ne zai ƙi cin naman sunan ɗan yayarsa. A Kano in abu ya kai ga aure ko gado akwai alƙali. A Benin babu. Dokar iyali ta 2004 auren mace ɗaya da aka ɗaura a gaban hukuma kaɗai ta sani, saboda haka yawancin rikicin gidan Musulmi a zauren limami ko na sarkin zango yake ƙarewa. Ƙarfin wannan zaure kuwa yardar mutane ce kaɗai. Ranar da rabin unguwa suka ce limamin ɗan bidi'a ne, sauran rabin suka ce na ɗaya masallacin Bawahabiye ne, to marainiyar da aka danne wa gado ba ta da wurin kai kuka.

Ta wata fuskar, rashin hukuma mai shiga tsakani rahama ce. An ga abin da shigar gwamnati ta haifar a Najeriya. A Kano gwamnatin Ganduje ta hana Abduljabbar Nasiru Kabara wa'azi a Fabrairun 2021, ta shirya muƙabala a watan Yuli, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022. A Bauchi an kai malami gidan yari kan mas'alar da Ibn Taimiyya da Subki ba su gama ba. Ko ɗaya bai sa wani ya canza aƙidarsa ba. Abin da ya ƙaru shi ne kowane ɓangare ya gane cewa wanda ya kama gwamna ya kama sanda. A Benin babu wannan sandar da za a yi kokawa a kanta. Babu Hisba, babu hukumar shari'a, ƙungiyar haɗin kan Musulmin ƙasar, Union Islamique du Bénin, ba ta da 'yan sanda. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa saɓanin Kwatano ya tsaya a baki da ƙauracewa.

Amma gwamnatin da ba ta shiga mas'alar tauhidi tana da nata idon, kuma ba idon malami ba ne. A Janairun 2017, da aka fara share tituna da filayen gwamnati, kantoman yankin Kwatano Modeste Toboula ya hana shimfiɗa tabarma a kan titi ranar Juma'a. Masallatan cikin gari ba sa ɗaukar jama'arsu, don haka abin ya taɓa kowa, kuma jami'in da ya zo tayar da mutane bai tambayi wa ke ƙabalu wa ke sadalu ba. Sai da shugabannin Musulmi suka je da murya ɗaya wurin Shugaba Patrice Talon aka sassauta.

Tun daga ƙarshen 2021 kuma lissafin ya ƙara nauyi. Masu ɗauke da makamai daga Burkina Faso da Nijar sun shigo dazuzzukan Pendjari da W. A Janairun 2025 an kashe sojojin Benin 28 a hari ɗaya, a Afrilu gwamnati ta tabbatar da mutuwar 54. Akwai kotu ta musamman, CRIET, da aka kafa a 2018 don laifukan tattalin arziki da ta'addanci, ga kuma dokar sadarwar zamani da ake hukunta mutane da ita kan abin da suka tura ta waya. Izala da Salafiyyar karatu ba su ne masu bindiga ba. A Najeriya ma malamansu ne aka harbe, Ja'afar a masallacin Ɗorayi a 2007, Albanin Zariya a 2014. Amma wannan bambanci ne da Bahaushe ya sani. Jami'in tsaro ɗan ƙabilar Fon da ya karɓi wayar wani saurayi mai gemu a shingen bincike, ya sa tafinta ya juya masa saƙonnin zuwa Faransanci, kafiri da mushriki da ɗagutu zai gani jere, kuma ba a koya masa a makarantar 'yan sanda cewa da limamin layin baya ake ba. Ɗan ɗarikar da ya ji haushi ya rubuta a Facebook cewa masallacin su wane na 'yan Boko Haram ne, shi ma ya jefa unguwar duka cikin fayil ɗin da ba shi da ikon rufewa, har da shagonsa da 'ya'yansa. Mutanen Zongon Lome sun san yadda hukuma ke yi da unguwar da ta ɗauka matsala ce: a 1977 aka rushe tasu da ke tsakiyar gari, aka kwashe su zuwa bayan gari ta arewa.